Rayuka Biyar Kafin Ƙarshen Wata

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Ya jikin Baba? Ina fatan yana shan maganin hawan jininsa ba sai kin tsaya a kansa ba. Ni lafiyata ƙalau, sai kewar gida.

Tunda kin ce in na kira ki a waya ba kya jin komai sai kamar ana suya a kunnenki, ga shi na koma takarda. Zan riƙa ba direban motar safe, tunda ta gaban shagonki yake wucewa.

Albishirinki, na samu aiki! Kamfanin inshora ne ya ɗauke ni wakili, kuma ɓangaren rai aka sa ni. Bayanin yana da tsawo, sai na zo. Ofishinmu yana hawa na uku, fanka ɗaya ce kuma kan teburin Manaja take kallo. An ba ni jaka mai tambarin kamfani, ni kuma na ari nakatayi wurin abokin zamana a ɗaki. Da kin gan ni da ba ki gane ni ba, wuyan nan nawa a ɗaure kamar bakin buhu.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne, wata ɗaya aka ba mu na gwaji. Manaja ya ce duk wanda bai kawo masa rayuka biyar ba kafin ƙarshen wata, ya ajiye jaka ya kama gabansa. Na yi yawo har takalmina ya buɗe baki. Mutane da sun ji abin da ya kawo ni sai su rufe ƙofa, wata mata ma kare ta sako mini. Amma jiya na yi sa'a, na samu na farko. Wani mai gyaran agogo ne a bakin kasuwa. Shi kaɗai na tarar a shago, na lallaɓa shi, bai ba ni wahala ba ko kaɗan, kafin shayinsa ya huce na gama da shi. Kin san shi ne na farko. Abokan aiki sun ce da haka ake sabawa. Saura huɗu.

Ki taya ni da addu'a. Ki gaida Baba, kuma ki daina ɗaga kujerun hayar nan da kanki.

Ɗanki,
Siriri

*

Siriri,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Ƙafa da sauƙi, yanzu zuciya ce ta karɓe ta.

Na karanta takardarka, na goge tabarau na sake karantawa, na ce ko idona ne. Ba idona ba ne. Ni na goya ka tun ranar da mahaifiyarka ta bar duniya. Kai ne yaron da in za a yanka kaza sai an je an zaƙulo ka daga bayan tarin kujeru kana kuka. Yau kai ne kake rubuto mini wai ka gama da mutum kafin shayinsa ya huce, har kana neman addu'ata a kan sauran huɗu?

Bawan Allah yana zaune yana gyaran agogonsa, me ya yi maka? Yana da iyali? Ka bincika a asirce ka faɗa mini.

Wannan Inshora da kake faɗa, ko mutum ne ko ƙungiya ce, ban sani ba, ba na kuma son in sani. Dama tun da ka ce an ɗaure maka wuya na san ba alheri ba ne. Haka suke fara wa mutum.

Ban gaya wa babanka ba. In ya ji, kai ma ka san inda jininsa zai kai, ka ga ka cika na biyu ke nan ba tare da ka tashi daga inda kake ba. Takardar na sa ta a wuta, sai kanta kawai na yage na ɓoye, inda aka buga sunan gidan naku.

Ka saurare ni da kyau. Ka ajiye musu jakarsu. Ka shigo motar safe, ka zauna a baya, kada ka yi hira da kowa, don na san bakinka. In ka iso akwai wuri bayan rumfunan da aka naɗe, mutum zai iya kwanciya. In ta kama a sayar da kujeru a ɗauki lauya, za a sayar. Ɗana ne kai ko me ka aikata, amma sai na fara ja maka kunne.

Gwaggonka

*

Siriri,

Gaisuwa. Babanka lafiya, yana tambayarka, ina yi masa ƙarya.

Shirun nan fa? Kullum motar safe ta tsaya sai in leƙa, ba kai ba takardarka. Na tambayi direba, ya ce ya gan ka da ranka da lafiyarka, har ka yi masa murmushi. Murmushi! Wato har zuciyar ta bushe ke nan.

Hankalina ba ya jikina. Shekaranjiya an yi hayar rumfa da kujeru don walimar wani da ya gama karatu, na tura kayan gidan wani tsoho marar lafiya. Matarsa da ta ga ana kafa rumfa a ƙofar gida sai ta fasa kuka, maƙwabta suka taru, tsohon ya fito da sanda yana tambaya wa ya mutu. Duk kai ka jawo.

Tunda ka ƙi zuwa, na ɗauki mataki. Na rubuta wa Manajan naku da hannuna, na ba direba ya kai har teburinsa. Na ce masa na san sana'arsu, na san zancen mai gyaran agogo, kuma in bai sako mini ɗana ba zan zo da kaina, ni ba na tsoron mutumin da ke ɓuya a hawa na uku yana tura 'ya'yan mutane. Na ce in rai yake so ya fara da nawa, ya ga ko zai ɗauku.

Ka ci abinci.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Ina lafiya, sai dai kunya ta kusa kashe ni.

Na ba ki amsa tun ranar da takardarki ta farko ta zo. Yau na tsare direba, muka same ta a maƙale a saman gilashin motarsa, ya manta. Amma taki ta Manaja kam bai manta ba.

Gwaggo, mai gyaran agogo yana nan da ransa! Ɗazu ma na wuce shi yana cin gyaɗa. Ga yadda aikin yake. Mutum yana ba kamfani wani abu kaɗan duk wata. In ta Allah ta kasance a kansa, kamfani ya ba iyalinsa kuɗi mai kauri don kada yara su bar makaranta ko a kore su daga gidan haya. Ba mu hana mutuwa, ba mu kuma kawo ta. Duk wanda ya yarda ya sa hannu, a ofis muna ce masa rai ɗaya. Shi ke nan fa.

Da safe mukan taru kowa ya faɗi inda ya kwana. Manaja ya shigo da takarda a hannu, fuskar nan a murtuke, ya ce, “Wane ne a cikinku yake da gwaggo mai hayar kujeru?” Na ɗaga hannu. Ya karanta ta tun daga sallama har ƙasa, da murya mai ƙarfi. Da ya zo inda kika ce ya fara da naki ya ga ko zai ɗauku, sai ya kasa, ya kifa kai a tebur. Mai karɓar baƙi sai da ta fita waje don ta yi numfashi. Yanzu in na shigo sai kowa ya ɗaga hannu sama yana cewa in yi masa rai.

Da aka watse Manaja ya kira ni, yana share hawaye. Ya ce, “Gwaggon nan taka da ita na ɗauka aiki da tuni na huta. Amma dariya daban, aiki daban. Nawa gare ka?” Na ce biyu, don na ƙara samun wata mai shagon wanki da guga. Ya ce, “Wata ya raba, ka sani.”

Ba zan ɓoye miki ba, Gwaggo, ina tsoro. Shekara biyu ina zaune a shagonki ina ƙirga ƙafafun kujeru da takardar makaranta a akwati. Ba na son in dawo in ga Baba yana yi mini fara'ar nan ta lallashi. Kuma aikin ya fara shiga raina. Mai wankin nan yara uku gare ta, ba miji. Da ta sa hannu sai ta ce yau za ta yi barci da ido biyu a rufe. Na daɗe ban ji na yi wa wani amfani haka ba.

Don Allah kada ki sake rubuta wa kowa.

Ɗanki,
Siriri

*

Siriri,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Lafiya lau muke, yau har na ci abinci sau biyu.

Kada ka jira in ba ka haƙuri. Kai da ka yi makaranta, haka aka koya maka rubutu? Ka ba kowa takardar nan ya karanta ka ji abin da zai ce. Da ban ƙona ta ba da na kai ƙarar malamanku.

Yanzu na gane. Wato adashe ne wanda ba ka kwasa sai ka mutu. To me ya hana ka faɗi haka tun farko? Kuma wannan ne har kake yawo takalmi yana yagewa a kan sauran mutum uku? Kai matsalarka ba ka san inda ake samun masu tunanin mutuwa ba. Ni kuwa sana'ata ce take kai ni. Duk gidan da aka yi rasuwa kujeruna ne a ƙofa.

Satin nan an yi biyu. Na bi kayan da kaina, na zauna cikin masu gaisuwa, da aka ɗan natsa sai na ɗauko zancen. Na ce ku dubi matar nan, da mamacin ya san ɗana da yanzu kukan nata da sauƙi. A gida na farko an nuna mini ƙofa, amma a na biyu an saurara.

Na haɗa maka mutum shida. Akwai tsohon magini, da tsohon mai gadin makaranta, da mai kayan gwangwan, da wasu 'yan'uwa biyu da ba sa magana da juna amma kowa ya ce in ɗayan zai je shi ma sai ya je, da Iya mai saƙa. Duk na zaɓo maka waɗanda suka fi kusa, don kada kamfani ya daɗe yana jira. Na gaya musu in shekara ta zagayo mutum bai mutu ba za a mayar masa da kuɗinsa, don haka hankali ya nuna.

Ba na rubuta wa kowa, kamar yadda ka ce. Su zan turo. Jibi za su shigo motar safe. Ka tanadi wurin zama.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Baba. Baƙinki sun iso lafiya, kuma ina fatan sun dawo lafiya. Takardarki kuwa tare da su ta zo, Iya mai saƙa ce ta miƙo mini ita bayan ta zauna.

Ina cikin haɗa jaka zan fita sai muka ji nishi a matakala. Hawa ukun nan sun ɗauke su lokacin da zai ishi mutum ya yi wanka ya karya. Tsohon mai gadi ne ya fara shigowa, ya dubi ofis, ya ga inda fanka take kallo, ya wuce kai tsaye ya zauna a kujerar Manaja, wanda ya fita shan ruwa. Kafin Manaja ya dawo har ya fara minshari. 'Yan'uwan nan biyu, ɗaya ya zauna a wannan kusurwa, ɗaya a waccan, duk abin da ɗaya zai faɗa sai ya ce, “Yaro, gaya wa wancan.” Mai gwangwan kuma yana ta ƙwanƙwasa kabad ɗinmu yana tambaya ko na sayarwa ne.

Gwaggo, kamfaninmu ba ya ɗaukar wanda ya haura sittin. Ƙaramin cikinsu ya ce shi dai ya san ya wuce saba'in, daga nan ya daina bi. Kuma ba a mayar da kuɗi don mutum ya ƙi mutuwa.

Wani abokin aikina, wanda ya fi kowa kawo mutane, ya ja ni gefe. Ya ce, “Kai sakarai ne? Shida ne fa a hannunka. Rubuta musu hamsin da tara-tara, wa zai duba haƙoransu?” Ba zan yi miki ƙarya ba, na riƙe biro har na kai shi kan takarda. Sai na tuna abin da aka koya mana: ranar da mutum ya rasu za a bincika, in an ga ƙarya ba za a biya ko sisi ba. Wato su yi ta zuba ɗan abin da suke samu, ranar kuka iyalinsu su hau matakalar nan a banza. Kuma kujerunki ne za su kasance a ƙofar gidan.

Na durƙusa a gabansu na faɗa musu gaskiya. Wayyo! Iya mai saƙa ta ce ita ba a taɓa ce mata tsohuwa a gaban mutane ba sai yau. 'Yan'uwan nan suka haɗa baki suka zage ni tare, ina jin rabon da su yarda da juna a kan wani abu tun suna yara.

Can sai tsohon magini ya ce, “Yaro, dakata. Ka ce kuɗin na waɗanda aka bari ne?” Na ce e, Baba. Ya ce, “To ni in na mutu wa ya yi asara? Bakin ci ne ya ragu. Amma ɗana da ke hawa saman gini kullum, shi ke ciyar da ni da uwarsa da 'ya'yansa. In ya faɗo, mu duka muka faɗo.” Iya ta ajiye saƙarta ta ce ita ma 'yarta malamar makaranta ce take riƙe da gidan.

Manaja ya sa aka kawo musu shayi da burodi, aka tashi mai gadi da ƙyar, na raka su tasha. Sun tafi ba wanda ya sa hannu. Manaja bai yi mini faɗa ba, ya dai ce, “Ka yi daidai. Sai dai daidai ba ya cikin abin da ake tambayata a sama.” Har yanzu biyu gare ni, kuma watan ya zo gangara. In kin gan ni da akwati, kada ki ce komai a gaban Baba, ni zan faɗa masa.

Ɗanki,
Siriri

*

Siriri,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Babanka ya ji komai, tsohon mai gadi ne ya ba shi labari, ya ce bai taɓa samun barci mai daɗi irin na ofishinku ba. Babanka ya yi dariya har sai da na kawo masa ruwa. Da na karanta masa takardarka, sai ya ce in gaya maka, abin da ka yi da biron nan ya fi masa albashi. Ni ban ce komai ba, kada kanka ya kumbura.

Ka bar akwatinka inda yake. Tun da tsofaffin nan suka dawo unguwa ba zaman lafiya. Kowa ya tasa ɗansa a gaba. Tsohon magini ya bi nasa har wurin aiki, ya tsaya a ƙasa yana ɗaga murya, “In ka faɗo me ka bar mana?” Yaron ya zo shagona yana huci, wai na sa ubansa yana yi masa fatan mutuwa. Na ba shi kujera na yi masa bayani, wannan karon yadda ka rubuta, ban ƙara gishiri ba. Gobe zai shigo motar safe, shi da malamar makaranta 'yar Iya. Na tambayi shekarunsu, na kuma duba fuskokinsu da kyau. Sauran 'ya'yan suna ta zillewa, in sun hango ni sai su canza hanya, amma unguwar ba ta da girma.

Huɗu ke nan. Na so in zama ta biyar, to sai ga zancen sittin ɗin nan naku. Shekaruna ba ruwan kamfaninku da su, kuma kada ka kuskura ka tambayi babanka.

Na zauna na yi tunanin maganar magini. Ni ba ɗa gare ni ba sai kai. Ƙafar nan ba za ta daɗe tana bin kujeru ba, babanka kuma ka san yadda yake. In an ce wa za mu jingina da shi, wa ne in ba kai ba? Kullum kana tsallaka titi da jaka, kana shiga gidajen masu karnuka. Saboda haka ka ɗauki takardar nan taku ka rubuta kanka. Inda ake sa sunan masu karɓa ka sa ni da babanka. Na watan farko ni zan biya, na ba malamar ta kawo maka, kada ka yi mini musu. Ka kai wa Manaja biyar ɗinsa, ka ce ina gaishe shi, kuma maganar da na faɗa masa tana nan in ya taɓa ka.

Amma ka ji ni da kyau, Siriri. Na sa ka rubuta ne don ka samu aiki, ba don in karɓa ba. In ka kuskura ka sa ni hawa matakalar nan in karɓi kuɗin, ban yafe ba. Kai za ka yi hayar kujeru a kaina, kuma a shagona za ka ɗauka, ba ragi.

Ka duba hagu da dama kafin ka tsallaka. Ka sayi takalmi.

Gwaggonka